Saran Farko a Gonar Tudu

Gonarmu ta tudu ta koma daji, kuma ina raye ta koma. Wannan shi ne abin da yake cina. Da bayan raina ta yi haka, sai a ce tsoho ya tafi yara sun yi sake, a yi maganar kwana biyu a manta. To ga ni nan ina ci ina sha, ina jan sanda zuwa masallaci, sabara da geza suna can sun fi ni tsawo a wurin da na ƙare ƙuruciyata ina yankan gero. Ba rana ɗaya abin ya faru ba. Gwiwa ce ta fara yi mini gardama, na ce bari gonar ta huta bana. Baɗi ta zo, na ce ta ƙara hutawa. Daga nan hutun ya zarce, farar ƙaya ta samu wuri, tsuntsaye suka shuka mini itatuwan dogon yaro ba tare da na roƙe su ba, har ya zama ko akuya sai ta yi shawara kafin ta shiga.

Da zafin bazarar bana ya fara, mai gari ya aiko gida gida. Duk wanda yake da gona a bakin hanyar kasuwa ta cika da itace, ya share ta kafin ruwa ya sauka, domin mata suna tsoron bin wurin, dabbobi kuma suna ɓata a ciki. Wanda ya kasa, ya faɗa, a ga wanda zai iya. Ban ga laifinsa ba. Da ni ne a kan buzunsa, abin da zan ce ke nan, wataƙila ma da zagi a kai.

Bayan sallar la'asar ta ranar sai ga Buba. Bafulatani ne da ya zauna a bayan garinmu tun yana saurayi. Shanunsa sun ragu, wasu ciwo ya ci, wasu ya sayar da hannunsa, ga yara cike da gida, kuma ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa da zai ce nasa ne. Ya durƙusa nesa kaɗan da tabarmata, muka gaisa muka sake gaisawa, ya tambayi gwiwa, na tambayi shanu. Ya ce makiyayar da ke bayan gonata ita ma ƙaya ta cinye ta, nonon saniya har tsagewa yake yi in ta kutsa. Sai ya shiga zane a ƙasa da tsinke.

“Baba, in ka yarda, in taya ka sassaben tudu.”

Na ce masa na ji, ya ba ni lokaci. Ya tashi ya tafi, ni da shi kuwa duk mun san abin da ya tambaya.

A wajenmu, gonar da aka daɗe ba a noma ba har itacenta ya yi kauri, saura ake ce mata. Saura tana nan da sunan mai ita, babu mai taɓa ta. Amma ranar da za a sake buɗe ta, hannun da ya fara ɗora gatari a kan itace shi ne mai gona a bakin mutane. Ko gayya ka kira, ko garin gaba ɗaya ne ya fito, tsayawa za su yi da gatura a kafaɗa har sai ka yi bisimilla ka sara, sannan su auka. Idan kuwa ka bar wani ya riga ka da saninka, to ka ba shi ke nan, babu zuwa gaban alƙali, babu dogon zance. Yaran yanzu ba su san wannan ba. Su a wurinsu sassabe aiki ne kawai irin na kwasar shara, wanda ya yi an gode masa.

Mu kuwa da sassabe muke sanin shekara ta juyo. Tun kafin hadari ya nuna kansa a gabas za ka ji garin ya ɗauki ƙarar wasa ƙarfe, kowane gida da dutsensa a gindin bango, wanda ya lotsa a tsakiya saboda gogar kakanni. Mahaifina ba ya yarda wani ya wasa masa gatari. Zai zauna da ɗan ruwa a sakaina, yana gogawa yana gwadawa a gashin hannunsa, mu kuma muna tsaye muna jira kamar ba mu da wani aiki a duniya. Idan aka isa daji, tun daga nesa kunne yake gaya maka abin da ake sara. Kirya tana da amo mai ƙarfi, har haƙoranka sai sun ji. Kalgo kuwa ƙasa ƙasa yake amsawa. Sabara ba ta isa a ɗaga mata gatari ba, adda ce maganinta, sai dai duk yadda ka kwantar da ita bana, baɗi za ka tarar ta tashi tana jiranka. Ga makaɗi a baya da gangarsa, bai taɓa sare ko tsinke ba amma ya fi kowa sanin wanda ke lalaci, kuma sai ya kira sunan ubanka a cikin kiɗa kowa ya ji. Zomo ɗaya ya isa ya watsa gayya. Da ya fito daga ƙarƙashin geza sai ka ga dattawa masu furfura sun watsar da gatura sun bi shi da gudu, su dawo hannu wofi suna zargin juna.

Da hantsi ya yi mata suke zuwa da ƙoren fura, mu zauna a inuwar gawo, domin gawo da ɗorawa ba a sare su, kowa ya sha har ya ji cikinsa ya yi nauyi. Abin da aka sare a tara shi tsibi tsibi, masu kauri a kai gida, ƙananan su bushe a cinna musu wuta, tokar ta zauna ta jira ruwa. Har yau in na ji ƙaurin sabara a wuta sai na ji kamar an kira sunana. Da yamma mu dawo ƙafa duk ƙaya, mahaifiyata ta zauna da hantsaki tana cire mana tana faɗa, wai mun girma amma ba mu san inda ake taka ƙasa ba. Bayan kaka kuma Fulani su sauka a gonar da garkensu, shanu su cinye kara da duk wani tsiro da ya ɗaga kai, su bar mana taki. Tsakanin gatarinmu da bakin shanunsu daji bai taɓa samun sukuni ba. Yanzu gatura sun yi tsatsa a bayan ɗaki, shanun sun ragu, in ka ji ana sare itace to inji ne yake kuka a hannun masu gawayi, kuma shi inji bai san gawo ba bai san geza ba.

Ba na cewa zamanin can aljanna ne. Wahala muka sha, irin wadda ba na yi wa jikokina fata. Amma akwai wata rana guda da nake komawa gare ta duk lokacin da na rufe ido, kuma tun da Buba ya tashi daga gabana ita ta hana ni sakat.

Shekarar da na yi aure ce, ina ji da ƙarfi, ina ganin babu itacen da zai gagare ni. Ƙanen mahaifina, wanda muke ce wa Baffa, yana da saura mai kyau a gangaren fadama, ya yi niyyar buɗe ta a wannan bazarar. Sai kurkunu ta fito masa a ƙafa biyu. Wanda bai ga kurkunu ba ya gode wa Allah. Tsutsa ce fara, doguwa, take fitowa daga cikin naman mutum, a naɗe kanta a tsinke ana ja kaɗan kaɗan kullum, in ta tsinke a ciki kuwa ƙafar ta kumbura kamar turmi. Ta Baffa ta dama ta tsinke. Yana kwance ko bayan gida sai an ɗauke shi.

Yana da maƙwabcin gona, mutum mai yawan fara'a da yawan sannu, irin wanda in ya gama gaishe ka ya tafi sai ka leƙa ka ga ko awakinka suna nan. Shi ne ya zo duba Baffa, ya zauna ya yi addu'a mai tsawo, ya ce kada ya damu da maganar sassabe, ai maƙwabtaka ta wuce haka, gobe zai kwashi 'ya'yansa su rage masa aiki. Baffa yana cikin zazzaɓi, ya ce Allah ya saka da alheri. Matarsa ce ta ji daga bayan zana, ta kwana da abin, da safe ta zo gidanmu ko mayafi ba ta daidaita ba.

Mahaifina yana kan dutsen wasa. Ya saurare ta har ta gama, ya ɗauraye gatarin, ya dube ni.

“Tashi mu tahi mu ɗauko ƙanena.”

Mun so ɗora shi a jaki, amma da ƙafar ta taɓa cikin jakin sai ya yi wata ƙara da ban taɓa jin babban mutum ya yi irinta ba. Ya riƙe rigar mahaifina yana roƙo.

“Yaya, ka bar ni. Shi ɗauki gonar. Wallahi ban iyawa.”

“Ba kai ka tahiya ba, ɗaukar ka za a yi. Kai dai riƙe hannunka da kyau, shi muka so.”

Ni na goya shi. Ban san mutum yana iya yin rashin nauyi haka ba, kuma ban san hanyar fadama tana da tsawo haka ba. Ruwan ƙafarsa yana bin ƙaurina, numfashinsa da zafi a wuyana, duk inda na yi tuntuɓe sai ya cije kafaɗata. Mahaifina yana gaba da gatari, bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Ina jin haushinsa a lokacin, ina cewa a raina wannan wace irin zuciya ce, a kashe mutum saboda sabara.

Mun tarar da maƙwabcin da 'ya'yansa sun sauke kaya a bakin saurar suna shan fura, ba su fara ba tukuna. Da ya hango mu sai fara'ar ta tsaya masa a fuska, ta rasa inda za ta.

“Subhanallahi. Mi ya yi zahi haka? Da kun bar shi shi huta, ai taimako munka zo yi.”

“Mun sani,” in ji mahaifina. “Shi yas sa munka kawo mai gona shi buɗe muku.”

Muka tsayar da Baffa a gaban wani ɗan kalgo da bai fi kaurin hannuna ba, ni ina riƙe da hammata ɗaya, mahaifina yana riƙe da ɗaya, ƙafafunsa ba su ma taɓa ƙasa sosai ba. Aka sa masa gatari a hannu. Ya yi bisimilla da muryar da ni kaɗai na ji, ya ɗaga, ya saki. Ɓawo kawai ya ɗaye, ɗan fari ya bayyana, ko yaro da wuƙa zai yi fiye da haka. Mahaifina ya karɓi gatarin ya juya ga maƙwabcin.

“To madalla. Yanzu ku taya shi, Allah shi biya ku.”

Haka bawan Allahn nan ya wuni yana saran itace a gonar da ba tasa ba, shi da 'ya'yansa, domin shi da bakinsa ya ce taimako ya zo yi. Shekaru aka yi ana ba da labarin a gindin tsamiyar kasuwa. Amma abin da masu dariya ba sa faɗa shi ne abin da ya biyo baya. Washegari mu muka koma, ni da mahaifina da ƙannena da 'ya'yan Baffa, muka tara, muka ƙone, muka cire abin da ya ciru na kututture. Da ruwa ya sauka gonar Baffa muka fara shukawa kafin tamu, ita muka fara yi wa noma. Bai taka ƙasa da ƙafarsa ba sai da gero ya yi kai, kuma ranar da ya je ya gani, zama ya yi a kan kunyar gero ya rufe fuska da hula. Wannan ɗan ɓawon da ya ɗaye ya tsaya ne saboda akwai mu a bayansa.

To ni ma ina da 'ya'ya, kuma kada wani ya ce na ce ba su da kirki. Babban, wanda ba na kiran sunansa, Mai Albasa nake ce masa, yana Aliero da rumbunan albasarsa. Shi ya yi mini ɗakin kwano, shi ke sayen maganin gwiwa, buhun da nake ci daga hannunsa yake fitowa. Ƙanensa yana kabu-kabu a Jega Sabon Gari. Matan suna gidajen mazajensu wajen Maiyama. Kowa ya kama abin da ke ciyar da shi, kuma gero a tudu ba ya cikin abin. Na aika musu cewa ina son a kai ni gona. Ƙaramin ya aiko da ban haƙuri. Mai Albasa ya zo da kansa a kan mashin.

Na riga na wasa gatarin tun ana gobe zai zo, da hannuna, ina hutawa ina komawa. Da ya gan ni da shi sai ya yi dariya.

“Baba, ina za ka da wanga? Ai na yi magana da masu gawayi, za su share ta tas, itacen kawai suka so.”

“In sun share, wa ka noma ta?”

“Sai a gani, Baba. Allah na nan.”

Na ce masa na san Allah na nan, tun kafin a haife shi na sani, ya tayar da mashin mu tafi. Ya ɗaura mini gatarin a baya, na riƙe ƙugunsa. Hanyar da muke bi da ƙafa muna hira, kafin in gama gyara zama har mun iso. Raina ya ɓaci da na ga wurin kusa da kusa. Ban gane inda kunyoyin suke ba. Inda muke ajiye tulu ya zama kurmin ƙaya, kuma wani dogon yaro ya tsaya a tsakiyar gonar yana ta yauƙi kamar gadonsa ce. Buba yana gefen hanya da 'yan shanunsa, ya hango mu ya taho ya gaishe mu, ya koma gefe ya tsaya da sandarsa a kafaɗa.

Mai Albasa ya riƙe ni har gaban wata geza. Na gyara tsayuwa, na kama ƙotar. Gaskiya ita ce sara ɗaya ba zai gagare ni ba. Ko a yanzu na fi Baffa na ranar da na goya shi ƙarfi, nesa ba kusa ba. Da na sara, gona ta zauna a gidanmu, Buba shaida ne, mai gari ma ba zai ce komai ba. Na ɗaga gatarin har kafaɗa, sai na sauke shi, na juya ga ɗana.

“In na sara, wa ka dawowa gobe?”

“Gobe akwai lodi, Baba. Motoci na tahowa, albasa ba ta jira.”

“Jibi hwa?”

Ya sunkuyar da kai yana taka wani busasshen ganye. Ban ƙara tambayarsa ba, domin ba na son in sa shi ya yi mini ƙarya, shi kuma ya ji kunyar yi. Na tsaya ina kallon dajin. Na ga yadda abin zai kasance: in ɗaye ɓawo, a mayar da ni gida, masu inji su zo su aske wurin har gawon, ruwa ya sauka a kan ƙasar da babu mai shuka ta, baɗi sabara ta dawo. Sunana yana kan gona, gona kuma babu kowa a kanta. Wata irin gajiya ta sauko mini wadda ba ta gwiwa ba ce.

Na kira Buba. Ya matso. Na juya gatarin na miƙa masa ƙota. Sai ya mayar da hannayensa baya kamar na miƙa masa garwashi.

“Baba, sara tukuna ka ba ni.”

“Amshi.”

“Baba, ba ka sara ba.”

“Na san ban sara ba. Ido gare ni.”

Mai Albasa ya sa baki, da zuciya ɗaya, yana son a gama a fita daga rana.

“Amsa mana, Buba. Ba ka ga ya gaji ba?”

Buba ya dube shi, ya dube ni. Na ce masa yaron ya faɗi gaskiya, na gaji. Ya jingine sandarsa, ya goge tafinsa a riga, ya karɓa da hannu biyu. Ya daɗe a tsaye kafin ya yi bisimilla, kuma da ƙarfi ya yi ta, yadda duk mu uku muka ji. Sara ɗaya gezar ta kwanta.

Na samu wuri na zauna a ƙasa. Ba zan ce na ji daɗi ba, ko na ji na yi abin kirki. Baƙin ciki na ji, mai nauyi, irin na wanda ya dawo daga maƙabarta. Amma na saurari saran, kuma mutumin ya iya. Ƙasa ƙasa yake kamawa, ba ya barin dogon kututture, ba ya ɓata ƙarfi. Can sai ya tsaya ya ƙwala wa 'ya'yansa kira da Fulatanci, na ga sun fito daga bayan shanu suna gudu, babban da adda a hannu.

A hanyar komawa na gaya wa Mai Albasa abin da ya shaida, cewa gona ta zama ta Buba. Na faɗa masa a bayan kunnensa, iska tana kwashe rabin maganar, har sai da na maimaita. Ya taka birki a tsakiyar hanya, ya kashe mashin, ya sa ƙafa a ƙasa. Bai juyo ba.

“Baba, mi yas sa ba ka hwaɗa man ba tun can?”

“Da na hwaɗa ma, da ka amshi gatarin?”

Daga inda muke ana jin saran, yanzu ya zama na hannu fiye da ɗaya. Ya daɗe yana kallon hannayensa a kan mashin ɗin. Sannan ya tayar, ya ce in riƙe shi da kyau, muka tafi gida.